Injin jirgina yana zafi tun shigowar jan ruwa: shin cire kalorsta magani ne?

Isufu, Gamkalle:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina neman shawararku a kan injin jirgina, wanda ya soma zafi tun da jan ruwa, wato ambaliyar nan mai laka, ya shigo kogi a wannan damina. Injin rataye ne mai ƙarfin doki 40, irin wanda ake haɗa wa fetur da mai a tanki ɗaya, kuma da shi nake sauko da kabewa daga wajen Bubon zuwa Yamai, in koma da buhunan shinkafa da siminti da fasinja. Idan ina tafiya a hankali ba ya nuna wata damuwa, amma da zarar na buɗe masa wuta ina haurawa da kaya, ba a jimawa sai ƙarfinsa ya ragu, murfin ya ɗauki zafi, warin fenti ya soma tashi. Ruwan sanyaya injin da yake tsartuwa ta ƴar kafar nan ta baya bai ɗauke ba, sai dai ya yi rauni, kuma yakan fito da zafin da hannu ba ya jurewa. An sauya mini turbin, wato robar nan mai fuka-fukai da ke juyawa a cikin famfon ruwa, kafin damina. Mai gyaran da na kai wa ya ce in bari ya cire kalorsta, wato ɗan ƙarfen nan da ke buɗe wa ruwa hanya idan injin ya ɗumama, ya ajiye gefe, wai a ƙasa mai zafi irin tamu ba ta da wani amfani. Ban ba shi amsa ba tukuna, domin ina so in ji daga bakin waɗanda suka riga ni a wannan sana'a.

Garba Makanike, Katako:
Wa alaikumus salam ƙanena. Mai gyaranka bai faɗi abin da ba a yi ba. Injinan nan an ƙera su ne domin a sayar ko'ina a duniya, har da ƙasashen da ruwansu ke daskarewa, kuma aikin kalorsta shi ne ta tare ruwa har injin ya ɗumama. Mu a nan me za mu jira? A Afrilu da Mayu zafin gari yakan wuce digiri 40, kuma ruwan kogin kansa da ɗuminsa yake shiga inji. Ga yashi da laka da ke maƙale ta a rufe, ga kuma kayan gyara na jabu da suka cika kasuwa, wanda za ka sa sabuwa yau ta ƙi buɗewa gobe. A wurina gara injin da ke tafiya da sanyi a kan wanda fistan ɗinsa ya kama a tsakiyar kogi da mata da yara a ciki. Ka cire ta ka huta.

Malam Lawali, Harobanda:
Malam Garba, Allah ya ƙara wa sana'a albarka, amma a wannan karon ban bi bayanka ba, kuma dalilina yana cikin bayanin Isufu kansa. Ya ce injin lafiya lau yake a ƙaramin gudu, sai an buɗe masa wuta yake zafi, kuma ruwan da ke fita ya yi rauni. Kalorstar da ta maƙale a rufe ba ta zaɓen gudu; injin zai ɗauki zafi ko yana tsaye a bakin gaɓa yana ƙara a hankali, kuma a yawancin injinan nan tsartuwar baya za ta ci gaba da ƙarfinta, domin hanyarta tana rabuwa ne kafin ruwa ya isa kalorsta. Raunin tsartuwa yana nufin ruwan da ke hawowa daga ƙasa ne ya yi kaɗan. Cire kalorsta ba ya ƙara ko ɗigo ɗaya a kan abin da famfo ya turo.

Maganar ɗumin kogi kuma, kalorstar injin rataye tana buɗewa ne a tsakanin digiri 50 zuwa 60, kuma adadin yana rubuce a jikinta. Ruwan kogin Isa bai taɓa kusantar wannan ba, ko a tsakiyar bazara. Saboda haka ko a Yamai tana da aikin yi. Injin da aka cire wa ita yana tafiya ƙasa da zafin da aka tsara masa, fetur ba ya ƙonewa sosai, buji yana yin baƙi, baƙar ƙura tana taruwa a kan fistan da zobbansa, shan mai kuma yana ƙaruwa. Akwai wani abin da ba a cika lura da shi ba: a injina da yawa, matsewar da kalorsta ke yi wa hanyar fita ita ce ke sa ruwa ya cika jikin injin har sama. Idan aka bar ramin a wangale, ruwa yakan bi hanya mafi sauƙi ya zube, silinda ta sama ta rasa rabonta, mai jirgi kuwa yana ganin tsartuwa yana zaton komai lafiya.

Isufu, ina da tambaya gare ka. Ranar da aka sauya turbin, ka ga tsohuwar da idonka? Fuka-fukanta sun cika, ko akwai waɗanda suka karye? Kuma robar kaɗai aka sauya, ko har da kwanon ƙarfen da take juyawa a ciki da farantin da ke ƙarƙashinta?

Isufu, Gamkalle:
Na gode Malam. Na ga tsohuwar, fuka-fukai biyu sun gutsure, kuma ba mu ga guntayen a cikin famfon ba. Mai gyaran ya ce ruwa ya tafi da su. Robar kaɗai aka sauya.

Malam Lawali, Harobanda:
To, ga inda za ka fara. Guntun roba ba ya narkewa, kuma hanyoyin ruwa na cikin inji ƙanana ne, saboda haka abin da ya gutsure daga turbin yawanci yana nan a maƙale, ko a bakin bututun da ke ɗaukar ruwa daga famfo zuwa sama, ko a ƙofar shiga jikin injin, ko a bayan kalorsta. A ƙaramin gudu injin ba ya buƙatar ruwa mai yawa, ɗan abin da ya ratsa ta gefen guntun ya ishe shi. Idan aka buɗe wuta da kaya ana haurawa, zafin da yake haifarwa ya ninka, ruwan kuma bai ƙaru ba.

Abu na biyu shi ne jan ruwan da ka ambata. Wannan ambaliya ta Agusta da Satumba tana zuwa mana ne daga rafukan da ke gangarowa ta ɓangaren Burkina Faso, wato Sirba da Dargol da Goruwal, kuma ɗauke take da laka da rairayi, ba kamar ruwan Gine da ke iso mana a Disamba da Janairu ba, wanda ya riga ya sauke yawancin dauɗarsa a kan hanya. Duk abin da ke cikin ruwan nan ta cikin famfonka yake bi. Rairayi yana zana layuka a jikin kwanon ƙarfe da farantin ƙasa, kuma idan ka sa sabuwar roba a kan ƙarfen da ya riga ya zaizaye, ruwa zai riƙa komawa baya ta cikin layukan. Ka sa farcenka ka ja a kan farantin. Idan farce ya maƙale a wani layi, farantin ya gama aiki.

Ka bi ruwan daga inda yake shiga zuwa inda yake fita, kada ka tsallake mataki. Ka fara da rariyar da ke gefen ƙafar inji, ka cire ta ka duba bayanta, domin leda da saiwar kainuwa sukan shige su liƙe ta ciki inda ido ba ya gani. Daga nan ka sauke ƙafar, ka buɗe famfo, ka duba roba da kwano da faranti da gaskit ɗinsu da ɗan ƙarfen nan da ke riƙe turbin a jikin sanda. Sai ka cire kalorsta na ɗan lokaci, ka sa tiyo ta ramin ta sama ka turo ruwa a kishiyar hanyarsa, ka ajiye farin bokiti a ƙarƙashin bututun domin ka ga abin da zai faɗo. Ita kuma kalorstar, ka ɗaure ta da zare ka rataya a cikin tukunyar ruwa a kan wuta ba tare da ta taɓa gindin tukunyar ba. Mai lafiya za ta buɗe baki tun ruwan bai kusa tafasa ba, ta kuma rufe idan ya huce. Wadda ta ci wannan jarrabawa a mayar da ita wurinta.

Abdu, Tawa:
Gaisuwa ga manya. Mu a nan ba mu da kogi sai tabki irin na Tabalak, kuma aikina ya fi yawa a kan injinan ban ruwa, amma ina so in ƙara abu guda a kan tsartuwar baya. Kafin a kwance komai, a zura zaren kamun kifi mai ɗan kauri a cikin kafar, domin zanzaro yana son irin wannan rami ƙwarai, kuma injin da aka jingine ƴan kwanaki za ka tarar ya cike shi da laka. Sau da yawa kafar ce kaɗai ta toshe, injin kuwa yana samun ruwansa. A lamarin Isufu na san ba shi ke nan ba, tunda har ƙarfin injin yana raguwa, amma gwaji ne da ba ya cin ko dala.

Alhaji Mamman, Saga:
Malam Lawali, ranka ya daɗe, tunda ka buɗe wannan babi bari in sako tawa. Babban jirgina da ke zuwa Gaya ba injin rataye gare shi ba, injin gazuwal ne a zaune a ciki, kuma yana da ruwa iri biyu, na tankinsa da na kogi. Allurar zafi tana hawa a hankali idan an yi doguwar tafiya, ba ta kai ja ba amma ta wuce inda muka saba ganinta. An ce ka yi aiki a kan irin waɗannan a bakin teku.

Malam Lawali, Harobanda:
Haka ne Alhaji, na yi aiki a Kwatano da Dakar, kuma yawancin abin da ya bi ta hannuna ƙananan injinan gazuwal ne na jiragen da ke tafiya da iska, waɗanda ake ɗaga wa babban ƙyalle, injin kuma yana taimaka musu wajen shiga tasha da fita da lokacin da iska ta kwanta. Yanmar da Volvo Penta ne suka fi yawa a cikinsu. Tsarinsu ɗaya ne da naka. Ruwan ciki, wanda ake haɗawa da maganin hana tsatsa, yana zagaya jikin inji a rufe, famfon da fambel ke juyawa ne ke tura shi, kuma kalorstarsa tana buɗewa ne a wajen digiri 70 zuwa 80. Ruwan waje kuwa yana shigowa ta famfon buɗewa da ke ƙasan jirgi, ya bi ta matata, ya shiga famfo mai turbin, ya ratsa damin siraran bututu inda yake karɓe zafin ruwan ciki ba tare da sun gauraya ba, sannan a zuba shi cikin gwiwar salansa ya fita tare da hayaƙi.

Saboda haka abin farko da za ka yi ba ya buƙatar sufana: ka je bayan jirgi ka tsaya ka kalli salansa. Idan ruwa yana fita da yawa kamar yadda aka saba, ɓangaren waje yana aiki, sai ka koma kan na ciki. Idan ruwan ya ragu, ƙarar salansa ta bushe ta yi kauri, kuma farin tururi yana biyo shi wanda ke ɓacewa nan da nan a iska, to ruwan waje ne ya gaza. Zafin da ke hawa farat ɗaya yawanci leda ce ta rufe mashiga, ko turbin ta mutu, ko fambel ya tsinke. Wanda ke hawa sannu a hankali cikin makonni, irin naka, ya fi kama da toshewar da ke taruwa, kuma wurare biyu ne na fi zargi. Na farko shi ne damin bututun nan. Idan ka cire murfin ƙarshensa za ka ga bakunan bututun a jere, wasu laka ta cike su, kuma a nan ne guntayen tsofaffin turbin ke taruwa. Ana zura musu siririyar sanda mai laushi ɗaya bayan ɗaya, ba waya mai kaifi ba, domin bangonsu ba shi da kauri. Na biyu shi ne gwiwar salansa, inda baƙar ƙurar hayaƙi da tsatsa ke haɗuwa su matse hanyar har ɗan yatsa ya kasa shiga. Wannan gwiwa ana mantawa da ita ƙwarai saboda ba ta jikin famfo, alhali idan ƙofar fita ta toshe babu ruwan da zai shigo.

Ka duba kuma murfin matata. Idan robar bakinsa ta bushe, famfo zai riƙa zuƙar iska maimakon ruwa, kuma ba za ka ga yoyo ba, tunda wurin zuƙa ne ba wurin turawa ba. A ɓangaren ciki, ka danna fambel da babban yatsa a tsakiyar doguwar tazararsa. Idan ya nutse fiye da kimanin santimita ɗaya, ko ka ga baƙar ƙurar roba a gaban inji, yana zamewa. Murfin tanki shi ma kayan aiki ne, domin matsin da yake riƙewa ne ke hana ruwa tafasa a digiri 100, kuma kada yaronka ya taɓa buɗe shi injin yana da zafi. Idan duk waɗannan lafiya suke, a duba ƙasan jirgi da farfela, domin igiya ko tsohuwar koma da ta naɗe sandar farfela tana sa inji ya yi aikin da ya fi ƙarfinsa.

Gargaɗi ɗaya a kan irin naka, Alhaji: idan injin ya ƙi tashi, kada a yi ta murza makulli famfon ƙasa yana buɗe. Turbin tana ci gaba da zuba ruwa cikin salansa, babu hayaƙin da zai tura shi waje, har ya cika ya koma cikin silinda.

Garba Makanike, Katako:
Malam Lawali, karatunka ya yi, kuma ban musa maganar guntun roba ba. Sai dai kai kana magana ne a kan jiragen masu hali da ke tsaye a tasha, inda ake da littafin inji da kayan gyara na asali. Direban da ya taso daga Ayoru, kalorsta ta maƙale masa a inda dorina ke kiwo, ba shi da tukunya da zare. Abin da nake gani a rumfata shi ne injinan da suka ƙone saboda ƙarfe ɗan ƙarami ya ƙi buɗewa, kuma har yau ba a kawo mini wanda ya mutu saboda sanyi ba.

Malam Lawali, Harobanda:
A kan direban da ke tsakiyar kogi ba mu da saɓani: idan ya tabbata ita ce ta maƙale, ya cire ta ya isa gida a hankali, sannan ya sa wata. Inda muka rabu shi ne mayar da wannan dabara ta fita kunya ta zama gyara na dindindin. Wanda sanyi ya cinye ana kawo maka shi, Malam Garba, sai dai da wani suna yake zuwa: zobba sun kama, matsi ya ragu, yana wahalar tashi da safe, buji ba ya daɗewa.

Hajiya Zainabu, Gudel:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ba na shiga ruwa, amma ina da jirage biyu a hannun yara, kuma abin da ya dame ni shi ne abin da za su yi a daidai lokacin da zafin ya same su da mutane a ciki. Ɗaya daga cikinsu ya gaya mini yakan ɗebi ruwa da kwano ya watsa wa injin. Wannan daidai ne?

Garba Makanike, Katako:
Hajiya, ki hana shi tun yau. Ƙarfen da ya yi zafi idan aka watsa masa ruwan sanyi yakan lanƙwashe ko ya tsage, kuma kan injin ne ke fara tafiya. Abin da zai yi shi ne ya rage wuta nan take, ya fitar da giya, ya waiga ya dubi tsartuwa. Idan babu ruwa ya kashe injin, ya ɗaga ƙafar ya share rariya, domin sau da yawa leda ce kawai, kuma wani lokaci da ya kashe take sakin kanta ta tafi. Ya bar shi ya huce da kansa yana riƙe jirgin da filafili ko gora, sannan ya tayar ya ga ko ruwa ya dawo kafin ya sa giya. Ki kuma hana su tayar da inji a tudu domin a ji ƙararsa, saboda turbin da ta juya a bushe ba ta cika minti ɗaya ba take ƙonewa. Idan ruwa ya janye a Mayu da Yuni kuma, su daina kutsawa cikin tudun yashi da wuta. Su ɗaga inji su tura da gora. Sai ki duba yadda suke haɗa mai, domin ƙarancinsa ma yana kawo zafi. A injin da littafinsa ya ce kashi 1 cikin 50, rabin lita ke nan na mai a tanki mai lita 25, kuma a auna shi da mazubi, ba da ido ba.

Isufu, Gamkalle:
Iyayena, ga abin da muka tarar. Rariya tana da ƴar laka amma ba ta toshe ba. Da muka buɗe famfo, robar ba ta karye ba, sai dai bakin fuka-fukanta ya cinye, farantin ƙasa kuma yana da zagayayyen layi mai zurfi da farce ke faɗawa ciki, haka ma cikin kwanon. Da muka turo ruwa daga sama, da farko da ƙyar yake ɗiga, sai muka zura waya ta ƙasan bututun muka motsa, guntun baƙar roba mai girman ƙwayar wake ya faɗo cikin bokiti tare da yashi kusan cokali guda. Guntu na biyu ba mu gan shi ba. Kalorsta ta buɗe a tukunya tun ruwan yana fitar da ƙananan kumfa a gindi, saboda haka na mayar da ita. Na sayi famfo sukutum, roba da kwano da faranti da gaskit. Na gwada shi da kaya zuwa Gudel da dawowa, tsartuwa ta dawo da ƙarfinta kuma ɗumi kawai gare ta. Abin da ya rage shi ne, da na cire buji, na sama ya yi fari tas kamar an wanke shi, na ƙasa kuwa ruwan ƙasa ne yadda aka saba.

Malam Lawali, Harobanda:
Madalla da aikin famfo, amma wannan buji bai kwanta mini ba, kuma kada ka ɗauki fasinja zuwa Bubon kafin a duba shi. Bujin da ya fita tas a silinda ɗaya bayan injin ya sha zafi yakan nuna ruwa yana shiga wurin ta gaskit ɗin kan inji, tururin ne ke wanke shi. Yana kuma iya zama fetur ne ba ya isa silindar sosai, wanda shi ma zafi yake kawowa. A auna matsin silinda biyun da agogon matsi. Idan bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100, a buɗe kan injin, a ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a kansa a ga ko ya lanƙwashe, a sa sabon gaskit, a kuma ɗaure notinan bi da bi daga tsakiya zuwa gefe. Idan an buɗe, a leƙa hanyoyin ruwa da ke kewaye da silinda, domin can nake zaton guntun robarka na biyu yake.

Garba Makanike, Katako:
Ina da agogon matsi a rumfa. Ka kawo shi gobe bayan azahar, ƙanena, ka taho da bujin biyu kamar yadda ka cire su, kada ka goge su.